Ranar da Mu'azu Riwaya Ya Nemi Ƙarfe a Jirgin Ruwa

Idan ka taɓa mallakar mota a tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni, ko da gwangwani ce irin wadda sai an tura take tashi, to ka san Malam Mu'azu Riwaya. In ma ba ka san fuskarsa ba, ka san muryarsa, don tun daga bakin titi ake jiyo shi yana yi wa mai mota faɗa a kan motar da shi mai motar ya saya da guminsa. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, kullum da guntuwar waya maƙale a bayan kunne. Sana'arsa, wadda ta sa ake ce masa Riwaya, wayarin ɗin mota ce: fitila, hon, sigina, duk inda wuta take bi. Ya iya, wallahi ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba. Amma kai, bawan Allahn nan akwai taurin kai!

A Darmanawa aka haife shi, lokacin unguwar duk gonaki ce. Mahaifinsa ya so ya riƙe fartanya, shi kuwa yana ɗan shekara goma sha uku ya tsere Sabon Gari, ya zauna shekara tara a hannun wani Bayarabe mai gyaran wutar mota. Abin da ya fito da shi daga can karatu ne guda ɗaya, kuma ya riƙe shi gam. Wuta tana fita daga batir ta jar waya, tana komawa ta jikin mota, tunda jikin mota ƙarfe ne. Saboda haka babu dalilin ɓarnar waya biyu. Ka jawo ja daga batir zuwa inda kake so. Baƙar kuwa 'yar guntuwa ta isa, ka kankare fenti har ƙarfe ya yi fari tas, ka ɗaure ta a bodi da noti, shi ke nan an gama. Da wannan karatu ya yi aure, da shi ya gina ɗakuna uku a Tarauni, da shi ya kai 'yarsa Naja'atu makarantar koyon jinya.

Bai tara abin duniya ba. Abin da ya tara suna ne. A shekara arba'in ba a taɓa cewa ga abin da Mu'azu ya ɓata wa wani ba, kuma ba a taɓa jin bakinsa ya furta cewa ya yi kuskure ba. Na farkon gaskiya ne, na biyun kuwa ciwo ne, matarsa Saude ce ta fi kowa sanin zafinsa. Ya taɓa aro mota zai kai su biki Wudil, ya miƙe hanyar Zariya, tana ta faɗa masa, yana ta cewa ta yi masa shiru. Sai da suka hango Kura sannan ya juya, kuma har yau maganarsa ita ce hukuma ce ta sake wa hanyar fasali. Saude ta daɗe da sallamawa. In ya fara, sai ta ce, "Haka ne, Malam," ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

To, a daminar da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, gari ya cika da surutu. Kowa ya zama ɗan majalisa. A garejin da Mu'azu yake da rumfa, rediyo ba ya hutawa, kanikawa ba sa hutawa, mai shayi ma yana da ra'ayi a kan kasafin kuɗi. Shi Mu'azu cewa yake su yi ta yi, amma a ƙarƙashin rumfarsa har yanzu soja ne yake mulki.

A cikin wannan hayaniya, wata ranar Litinin da hantsi, babbar mota ta kutso garejin da baya-baya, ɗauke da jirgin ruwa. Jirgin ruwa, a Gyadi-Gyadi! Fari fat, da injinsa a baya, da sitiyari a tsakiya. Masu gyaran taya suka bar taya, mai faci ya bar faci. Aka taru aka sauke shi a kan tsofaffin tayoyi. Daga gaban motar Naja'atu ta sauko cikin fararen kayan aikinta, tare da wata dattijuwa mai tabarau, Sista Tabita, mutuniyar Kudancin Kaduna, wadda ita ce shugabarsu a wurin aiki.

Sista Tabita ta gaishe shi da ladabi ta yi bayani. Wata ƙungiyar agaji ce ta ba su jirgin, don su riƙa kai allurar rigakafi ƙauyukan da ke hayin dam, waɗanda in damina ta yi nisa mota ba ta isa gare su. Ruwan allurar ba ya son zafi, a akwatin sanyi ake ɗaukar sa, akwatin kuma wutar batir yake sha. Abin da ake buƙata soket ne guda ɗaya kusa da sitiyari, irin na kunna sigari a mota, inda za a jona akwatin. Ranar Alhamis da safe mota za ta dawo ta ɗauki jirgin.

"Baba, da Lakwaja na yi niyyar aikawa a nemo mana masu aikin jirgi," in ji ta. "'Yarka ce ta tsaya a gaban manya ta ce a bar wa babanta. Ta ce hannunka bai taɓa ɓata abu ba."

Mu'azu ya dubi Naja'atu, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana murmushi. Daɗi ya kama shi har wuya, amma ba zai nuna ba. Ya taɓe baki ya ce, "Soket ɗaya ne za a je Lakwaja? Ku je ku dawo."

Kafin su tafi Naja'atu ta zaro wata takarda mai zane-zane da rubutun Turanci daga jaka. "Baba, wannan tare da soket ɗin ta zo. Ko in karanta maka?"

"Ki karanta wa wa? Ke, tun ba a san za a haife ki ba nake jan waya. Mayar da abarki jaka."

Ta mayar. Ta san halin kayanta.

A ranar ya yi aiki mai kyau, a faɗi gaskiya. Ya huda allon da ke gefen sitiyari daidai wa daida, soket ya zauna ɗas. Ya jawo jar waya daga batir a baya, ya sa mata fis, ya bi da ita ta ƙarƙashin gefen jirgin yana ɗaurewa taƙi-taƙi, ko ganin ta ba a yi. Sannan ya yanko baƙar waya kamu ɗaya, ya ɗan kankare farin fenti a ƙasan allon, ya ɗaure ta da noti. Ya ɗauko ƙwan fitilarsa na gwaji ya zura a soket. Shiru. Ƙwai bai kama ba.

Ya ce soket ɗin ne na banza. Ya ciro na wata tsohuwar fijo ya gwada, shiru. Ya ce batir ne, ya sauke na wata bas da ke jiran gyara ya ɗora, shiru. Ya canja fis sau uku. Ya zagi ƙwan gwajin da ya yi masa hidima shekara goma sha ɗaya, ya taɓa shi a kan batir, ƙwai ya haska tar kamar yana yi masa gwalo.

Ranar Talata gareji ya zama majalisa. Kowa ya zo da shawara, kuma duk shawarar ɗaya ce, don dukansu mutanen mota ne: "Malam Mu'azu, ba ka kai ƙarfe ba. Ƙara kankarewa." Wannan ya nuna masa nan, wancan ya nuna masa can. Mutum ɗaya ne ya bambanta, Ɗanladi mai gyaran bodi, mutumin Filato, wanda rumfarsa ke jikin ta Mu'azu shekara ashirin. Ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, ya kasa kunne, sannan ya ce, "Malam Mu'azu, abin nan fa faiba ne, ɗan'uwan roba. Ina jin babu ƙarfe a jikinsa ko na allura."

Wayyo, ina ma bai faɗa a gaban jama'a ba! Da a gefe ya ja shi, watakila da an wuce wurin. Mu'azu ya miƙe tsaye a cikin jirgin, ya riƙe ƙugu.

"Ɗanladi, kai da hankalinka? Inji kamar wannan a ɗora shi a kan roba? Masu yin sa mahaukata ne? Ƙarfen yana ciki, rufe shi aka yi. Kai ba haka kake rufe ƙarfe da fila ba?"

"Ni dai na faɗi ra'ayina," in ji Ɗanladi. "Ai yanzu an ce kowa yana da bakin magana."

"To ka kai shi Abuja. Nan ba a tambaye ka ba."

Aka kwashe da dariya, Ɗanladi ya ɗaga kafaɗa ya koma kan aikinsa. Da la'asar Naja'atu ta biyo daga wurin aiki, ta leƙo ta ce, "Baba, yaya? Sista tana tambaya." Ya ce mata saura ƙiris. Ta tafi da fara'arta. Shi kuwa ya koma gida ya kasa cin tuwo, Saude ta tambaye shi lafiya, ya ce miyar ce gishiri ya yi mata yawa. Ta ce, "Haka ne, Malam."

Laraba da azahar, da gareji ya watse, masu salla sun tafi salla, masu cin abinci sun tafi rumfar mai abinci, Mu'azu ya yi sallarsa a gurguje ya dawo shi kaɗai. Ya kwanta rub da ciki a ƙarƙashin sitiyari yana shafa ƙasan jirgin da tafin hannu. Sai ya ji wani tudu ya miƙe daga gaba zuwa baya. Zuciyarsa ta yi fari. Ga shi nan, ƙashin bayan jirgin, inda aka ɓoye ƙarfen! Ya sa magagari ya goga, farin gari ya tashi. Ya ƙara gogawa, gari ya ƙaru, hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce, kai, wane irin fenti ne wannan mai kaurin yatsa? Amma ina! Mu'azu kurfi ya ɗauko, ƙarfen nan mai tsini na huda abu, da guduma. Bugu ɗaya, bugu biyu. A na uku kurfin ya tafi salin-alin, har hannunsa ya bugi ƙasan jirgin.

Ya zare kurfin a hankali. Ya kara ido a wurin. Ga ƙasar Gyadi-Gyadi nan yana kallo, da gefen tsohuwar taya, da wata kaza tana tono abinta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi, can ƙasa-ƙasa. Rami ne da babban yatsa zai shige, a ƙasan jirgin ruwa, a daidai inda ruwa zai fara taɓawa. Ya ɗago kai ya duba hagu da dama. Babu kowa.

Abin haushin, abin da har yau in na tuna nake jin kamar in kama shi in girgiza, shi ne abin da ya biyo baya. Ya tashi zaune, ya miƙa hannu ya jawo ƙullin baƙar waya, ya auna ta tun daga soket har batir, ya bi da ita gefen jar, ya ɗaure. Ya zura ƙwan gwaji. Tar! Aikin da ko shayi ba zai huce ba kafin a gama shi. Kwana uku, da rami a jirgin mutane, a kan waya gaba biyu da ya ƙi ja.

Ya je rumfar Ɗanladi ya ce a sam masa fila, wato ƙullun nan da masu gyaran bodi ke cike lotsawar mota da shi.

"Me mai wayarin zai yi da fila?" in ji Ɗanladi.

"Aikinka ne? In za ka ba ni ka ba ni."

Ya ba shi. Mu'azu ya toshe ramin ciki da waje, ya bari ya sha iska, ya goge, ya shafa farin fenti, ya yanko tsohuwar tabarmar roba ta mota ya shimfiɗa a kai, wai don kada matuƙi ya zame. Da jama'a suka dawo ya kunna musu ƙwai. Aka yi ta tafi. "Sai Malam Mu'azu! Ai mun faɗa, ƙarfen ne ba a kai ba!" Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya gaya wa zuciyarsa cewa fila tana riƙe mota shekara da shekaru, don me ba za ta riƙe jirgi ba? Zuciyar ta so ta yi gardama, ya yi mata tsawa kamar yadda yake yi wa kowa.

Alhamis da safe babbar motar ta dawo. Sista Tabita ta sauko da akwatin sanyi, aka jona a soket, akwatin ya ɗauki ƙugi a hankali. Ta dafa shi ta ji sanyi na zuwa, ta ce, "Baba, Allah ya saka da alheri. 'Yarka ba ta yi ƙarya ba." Sai ga Naja'atu ta sauko ita ma, da jakar kaya a kafaɗa.

"Ke kuma ina za ki da jaka?" in ji Mu'azu.

"Baba, albishirinka. Da ba na cikin masu tafiya. Jiya Sista ta ce tunda ni na kawo mai gyara, ni zan riƙe akwatin. A nan zan zauna, kusa da matuƙi." Ta nuna da yatsa, daidai kan tabarmar robar.

Abin kunya ne, amma tunda na ɗauko labarin sai in faɗe shi yadda yake: jiya da 'ya'yan wasu ne za su shiga, fila ƙarfe ce a wurinsa. Yau da aka ce Naja'atu, nan take ya tuna duk filar da ya taɓa gani ta ɓamɓare daga jikin mota a ramin farko. Ya tuna cewa yarinyar nan ko kududdufi ba ta taɓa shiga ba. Ga kanikawa har sun kama igiya za su ɗora jirgi a mota.

"Ku dakata!"

Kowa ya tsaya. Ya fita bakin titi da sauri, ya tare 'yan garuwa biyu da kurarsu, ya ce su biyo shi. Ya sa aka sauke akwatin sanyi, aka ɗage batir, ya ce su juye jarkokin a cikin jirgi.

"A cikin jirgi, Baba?" in ji Naja'atu. "Ai jirgi ake sawa a ruwa."

"Ke dai ki yi kallo."

Direban babbar motar ya fara mita, wai rana tana yi, hanya da nisa. Kanikawa suna ƙus-ƙus, ko dattijo ya fara taɓuwa ne. Mu'azu bai kula kowa ba. Ya durƙusa a gefen jirgin, ya kwantar da kai yana leƙen ƙasansa. Har a lokacin bai fid da rai ba. Yana roƙon Allah a zuci kada ta ɗiga, in ba ta ɗiga ba ya tashi ya kaɗe gwiwa ya ce gwaji ne irin na masana, magana ta mutu. Ruwa ya kai idon sawu. Shiru. Ya fara sauke numfashi.

Ɗis. Ɗigo ɗaya ya faɗi a kan ƙasa. Ɗis, ɗis. Sai farin fenti ya tsage, ruwa ya zubo siriri kamar daga bakin buta.

Gareji ya kaure. Sista Tabita ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu! Da a tsakiyar dam ne fa?" Wani ya ce daga kamfani aka kawo shi haka, wani ya ce direba ne ya buga shi a hanya, direba ya fara rantse-rantse. Wasu kuwa yabo suka shiga yi, wai dubi basirar Malam Mu'azu, ya hango abin da ido bai gani ba. Ɗanladi ya tsuguna, ya sa yatsa ya taɓa wurin, ya murza abin da ya manne masa, ya shinshina. Ya ɗago ya dubi Mu'azu, Mu'azu ya dube shi. Ɗanladi ya goge yatsan a wando ya miƙe ya koma rumfarsa. Ga ƙofa nan a buɗe: 'yarsa ta tsira, sunansa ya tsira har da ƙari, abin da ya rage kawai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Sai direban, da ya ga laifi na neman faɗo masa, ya ɗaga murya. "Ni lafiya lau na sauke shi ranar Litinin! Kwana uku yana hannun wa? A tambayi mai gyara mana!"

Naja'atu ta juyo a fusace, idonta ya kawo ruwa. Yarinyar da ba a jin muryarta a gida, yau ga ta a tsakiyar maza tana nuna direba da yatsa.

"Kada ka kuskura! Ka san ko waye wannan? Shekara arba'in babana yana aiki a garin nan, ka nemo mutum ɗaya da ya ɓata wa abu. Ni na tsaya masa a gaban manya, kuma yanzu ma na tsaya. Na rantse da Allahn da ya..."

"Naja'atu."

Mu'azu ne, kuma ba da tsawa ya kira ta ba, shi ya sa kowa ya juyo gare shi. Yana nan a durƙushe, ruwan jirgi ya jiƙa masa gwiwa.

"Kada ki rantse," in ji shi. "Ni na huda shi. Jiya da azahar, da kurfi. Ni na toshe, ni na rufe da tabarma. Direba ba ruwansa."

Sista Tabita ta cire tabarau ta shiga goge shi da gefen zaninta. Naja'atu ta tsaya da yatsanta a sama, ta dubi ubanta, ta dubi ruwan da ke zuba. A hankali ta sauke hannun.

"Jiya ka sani, Baba?" in ji ta. "Da ba ni ce zan shiga ba fa?"

Mu'azu ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa rasa amsa ba, ko a gaban alƙali, ya nemi abin faɗa ya rasa. Ta jira shi. Da ta ga babu, ta sauke jakar daga kafaɗarta, ta juya wajen shugabarta ta ce, "Sista, ki yi haƙuri. Ni na kawo ku."